Mai Riƙe Waya Ma Yana Buƙatar Likita

Ranar da aka sako ƙanina daga hannun masu garkuwa da mutane, gidanmu ya cika da 'yan barka. Kowa lafiyarsa yake tambaya, kuma hakan ne daidai, domin shi ya kwana a daji, shi aka daka, shi ya dawo da kumburarrun ƙafafu. Ni aikina a cikin lamarin riƙe waya ne. Ni suke kira, ni nake cinikin ran ɗan'uwana, ni nake jin ihunsa idan suka ga ina jan magana, kuma ni nake shiga ɗakin Hajiya in ce mata an yi magana da shi, yana nan lafiya.

Bayan wasu watanni shi ya soma komawa kasuwa, ni kuwa barci ya ƙaurace mini. Da waya ta yi ƙara, ko da ta wani ce a cikin mota, sai gabana ya faɗi, zufa ta keto mini. Na daina ɗaga baƙuwar lamba. Ni malamin sakandare ne a Zariya, na saba da hayaniyar yara, amma sai ga shi ɗan ƙaramin surutu a aji yana sa in daka tsawa. A gida yarana suka koyi yin tsit idan na shigo, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Hanyar da kowa ke bi na fara bi. Aka gwada jini aka ce maleriya ce da taifot, na sha magani na gama, babu abin da ya canja. Mai kemis ya ba ni diazepam, ya ce zan yi barci. Na yi barcin, amma irin wanda mutum ke tashi kansa ya yi nauyi, da rana kuma faɗuwar gaban tana nan yadda take. Daga nan na je wajen malamina, dattijon da na yi karatun littattafai a zaurensa tun ina saurayi. Ya yi mini addu'a, ya ba ni azkar na safe da na yamma, sannan ya ce, "Ɗana, ka riƙe waɗannan, amma ka je asibiti. Abin da kunnenka ya ji ba ƙarami ba ne, kuma Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta." Ana yawan nuna kamar dole mutum ya zaɓi ɗaya, ko malam ko likita. Ni dai malamina ne ya tura ni.

To, asibiti wajen wa? Nan ne na tsaya cak. Wanda haƙori ke damu ya san inda zai nufa, haka mai ciwon ido. Amma wanda ba ya tsince-tsince a bola, ba ya sambatu, yana zuwa aikinsa, sai dai zuciyarsa ta kasa zama wuri ɗaya, ba a taɓa nuna mana ƙofarsa ba.

Na fara da waya, don ita ce ba ta buƙatar kowa ya gan ni. A Facebook da Instagram na ga masu ba da shawara birjik. Waɗanda suka yi kama da ƙwararru yawancinsu a Legas da Abuja suke, da Turanci suke aiki, kuma kuɗin zaman awa ɗaya ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta. Waɗanda ke magana da Hausa kuwa mafi yawansu masu sasanta ma'aurata ne. Na biya kuɗi na yi magana da ɗaya. Ban kai ƙarshen labarina ba ya karɓe zancen, ya yi ta yi mini nasiha a kan tawakkali har lokaci ya ƙare. Bai tambaye ni yadda nake barci ba, bai tambayi maganin da nake sha ba. Da na koma shafinsa na duba da kyau, sai na ga yana wallafa labaran mutanen da suka kai masa kuka, an cire suna kawai, jama'a na ta sharhi a ƙasa. A gari irin namu, inda kowa ya san gidan da aka sace wa ɗa, cire suna ba ya ɓoye komai. Ban sake kiransa ba.

Ƙanwar maiɗakina, wadda nas ce, ita ta warware mini. Ta ce, "Yaya, mutanen nan ba aiki ɗaya suke yi ba, shi ya sa kake ta zagaye." Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya gama karatun likita sannan ya ƙara shekaru yana ƙwarewa a wannan fanni. Shi ke gano ciwo, shi ke rubuta magani. Akwai masanin halayyar ɗan'adam na asibiti, wanda ma'aikata ke kira saikolojis. Shi ba ya rubuta magani, aikinsa zama da mutum ne a yi jinya ta hanyar magana, bisa tsari da aka koya aka gwada. Akwai nas-nas da suka yi horo na musamman a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai jami'an walwala da ke shiga tsakanin majinyaci da iyalinsa ko wurin aikinsa. Sannan akwai masu ba da shawara irin na makarantu, waɗanda suna da amfaninsu, amma ba su ne na ciwo irin nawa ba. Ta ce duk wanda zan zauna da shi, ina da damar tambayarsa abin da ya karanta da kuma asibitin da yake aiki, kuma wanda ya ji haushin tambayar ya riga ya ba ni amsa.

Ta lissafa mini wurare: asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Ta ce manyan asibitocin koyarwa ma, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Malam Aminu Kano, suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa a cikinsu. Wannan na biyun ban san da shi ba, kuma ina jin mutane da yawa ba su sani ba. Mutum zai iya shiga ta ƙofar da mai hawan jini da mai ciwon suga ke shiga, ya ga likitan yau da kullum, ya nemi a tura shi sashen.

Duk da haka na daɗe ina jan ƙafa, kuma dalilin sananne ne. A wurinmu, a ce an ga wane a asibitin mahaukata magana ce da ke bin mutum har zuwa ranar neman auren 'ya'yansa. Ina da 'ya'ya mata, na yi wannan lissafin. Abin da ya rinjaye shi shi ne ganin yadda 'yar autata ke laɓewa bayan uwarta idan na yi sallama.

Na zaɓi ɗaya daga cikin asibitocin, na yi sammako bayan asuba, na yanki kati, na bi layi. Layin ne ya fara kwantar mini da hankali. Ga tsohuwa da jikanta mai farfaɗiya, ga matashi da mahaifinsa ya kawo saboda shaye-shaye, ga mai jego da goyonta, ga wani mai manyan kaya yana ta duba agogo zai koma ofis. Mutane ne irin waɗanda muke haɗuwa da su a masallaci da kasuwa. Jiran yana da tsawo, kuma dalilinsa a fili yake: likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, ga shi kullum wasu na ficewa waje.

Likitan ya ɗauki lokaci a kaina fiye da yadda na zata. Ya tambayi barcina, cin abincina, mafarkai, ko ina guje wa wasu wurare, ko akwai mai irin wannan lalura a danginmu, ko ina shan wani abu. Ya tambaye ni kai tsaye ko na taɓa jin gara in mutu, ko na taɓa tunanin kashe kaina. Tambayar ta girgiza ni, amma ya ce kowa yake yi wa ita, domin wanda ke cikin wannan hali ba a ba shi ranar dawowa, a ranar ake fara kula da shi. Ya sa aka auna jinina da wasu gwaje-gwaje, don akwai cututtukan jiki, irin na maƙoƙo, da ke kawo bugun zuciya da rashin barci. Daga ƙarshe ya ce abin da ke damuna ciwon firgici ne da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, haɗe da ciwon damuwa. Na ce, "Likita, ai ba ni aka sace ba." Ya ce ba sai abin ya faɗa a jikin mutum ba, wanda ya ji ko ya ga ana azabtar da makusancinsa ma yana kamuwa, kuma idan alamun suka wuce wata ɗaya suna hana shi rayuwarsa, to ya zama ciwon da ake yi wa magani.

Ya janye ni daga diazepam a hankali. Ya ce ba maganin wannan ciwo ba ne, kuma jiki na saurin sabawa da shi. Ya rubuta mini wani, wanda ba zan faɗi sunansa ba don kada wani ya nufi kemis da shi. Ya gargaɗe ni cewa irin wannan magani yana ɗaukar makonni kafin a ji amfaninsa, a farko ma yana iya kawo tashin zuciya, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi. Ba don wannan gargaɗin ba, da na ajiye shi tun a makon farko.

Ganin saikolojis kuwa sai da na nema da bakina. Ƙanwar maiɗakina ta riga ta faɗa mini cewa saboda yawan jama'a, idan mutum bai tambaya ba, yana iya karɓar magani ya tafi ba tare da an ambaci zaman tattaunawa ba. Wadda aka fara haɗa ni da ita ƙwararriya ce, mai kirki, amma Hausarta ta gaisuwa ce. Ina jin Turanci, da shi nake koyarwa, sai dai abin da mutanen nan suka faɗa mini a waya da Hausa suka faɗe shi, kuma da Hausa yake dawo mini cikin dare. Na gaya mata haka cikin ladabi, ba ta ji haushi ba, ita da kanta ta haɗa ni da wani abokin aikinta Bahaushe. Mutum na da ikon neman canji, kuma ma'aikacin kirki ba ya ɗaukar hakan a matsayin raini.

Zaman ya bambanta da abin da na yi tsammani. Ba nasiha ba ce, ba kuma hira ba ce. A zaman farko ya bayyana mini cewa duk abin da na faɗa sirri ne, sai fa idan rayuwata ko ta wani na cikin haɗari. Ya koya mini yadda ake jan numfashi a sassauta idan gaba ya faɗi, ya gyara mini lokutan kwanciya da tashi, ya hana ni shayi mai ƙarfi da daddare. Sai da waɗannan suka zauna sannan muka shiga ainihin aikin, wanda shi ne mai wuya: in ba da labarin kiran nan daki-daki, in rubuta shi, in karanta, in sake karantawa, har ya daina shaƙe ni. Akwai ranar da na fito ina rantsuwa a raina ba zan dawo ba. A nan ne kuma muka tono abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, wato ina ganin jan cinikin da na yi ne ya sa aka ƙara dukan ƙanina. Bai ce mini in daina wannan tunani ba. Ya yi ta tambayata: nawa ke hannunmu a ranar? Da na amsa farashin farko, daga ina kuɗin za su fito? Wa ya ɗaga sanda? Amsoshin daga bakina suka fito, shi ya sa suka zauna.

Yana ba ni aikin gida kamar yadda nake ba ɗalibaina. Na mayar da ƙarar wayata irin ta wancan lokaci, in saurara da gangan ina zaune a wuri mai aminci. Daga baya na soma ɗaga baƙuwar lamba. Ya kuma nemi in zo da maiɗakina sau ɗaya, ya yi mata bayanin ciwon, ya nuna mata abin da za ta yi idan na farka a firgice. Ta ce da ma ta daɗe tana zaton wani laifi ta yi mini.

Daga baya na san cewa a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Sabuwar ta tanadi haƙƙin majinyaci na a rufa masa asiri, a kuma daina nuna masa bambanci. Abu ne mai kyau, amma doka ba ta rage nisan hanya. Ni ina da albashi, ina cikin gari, ina da nas a dangi. A layi na zauna kusa da mutanen da suka taso daga ƙauyukan da aka fi kai wa hari, kuɗin motarsu ya fi kuɗin maganin, kuma wasunsu ba sa iya dawowa a ranar da aka ba su. Su ne suka fi kowa ganin tashin hankali, su ne kuma suka fi nisa da mai sauraro. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gano irin waɗannan cututtuka su fara kula da su. A ganina nan ya kamata jihohinmu su zuba kuɗi, domin ba kowa ne zai iya zuwa Kaduna ko Kano duk wata ba.

Yanzu an tsawaita tazarar zuwana asibiti, kuma likita ya ce za a ci gaba da maganin na wasu watanni bayan samun sauƙi kafin a soma rage shi kaɗan-kaɗan. Saikolojis ɗin ya sa na rubuta alamun da idan na gan su zan koma ba tare da jiran ranar da aka ba ni ba: barci ya sake yankewa dare da yawa a jere, in soma guje wa mutane, ko fushi ya dawo ba dalili. Kwafi ɗaya yana hannun maiɗakina, da izinin ta yi mini magana ko da ni ban lura ba.