Yadda Mawaƙa Biyu Suka Gina Waƙa Ɗaya

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan mawaƙa biyu suka yi haɗin gwiwa, kowa yakan zo ne da baitocinsa a shirye, ya rera nasa, sannan a haɗe su wuri guda. Abin da na gani a wajen wani mawaƙi da na daɗe ina bibiyar aikinsa, lokacin da ya gayyaci wata mawaƙiya su yi waƙa tare, ya nuna mini cewa mafi wuyar aikin shi ne mutum ya yarda a taɓa abin da ya riga ya shiga ransa.

Ya zo sutudiyo da amshi da baiti biyu, da kuma karin waƙar da ya ɗauka a wayarsa yana gunguni. Tun a gwajin farko matsala ta fito fili, domin ya gina waƙar ne daidai da muryarsa mai kauri, ita kuwa da zarar ta kai ƙarshen amshi sai muryarta ta nutse, kalmomin su daina fita sosai. Mai haɗa kiɗa ya ɗaga sautin sama, sai shi kuma ya fara takura maƙogwaronsa. A ƙarshe suka tsaya a tsakiya, inda kowannensu ya rasa ɗan abin da ya saba da shi. Bayan haka ta nemi a sauya ƙarshen layi na biyu, saboda kalmar da ya rufe layin da ita gajera ce, ba ta ba ta damar jan murya. Ya yi shiru yana kallon takardarsa, domin layin nan ne ya fi so a duk waƙar, sannan ya soke shi da biro, suka zauna suna gwada kalmomi har suka sami wadda take ƙarewa da dogon wasali ba tare da ma'anar ta ɓata ba. A ganina, a nan ne waƙar ta zama tasu su biyu.

Ɗaukar murya ta biyo baya. An fara da muryar gwaji a kan kiɗa, ana jin ƙwanƙwasar na'urar da ke tsare saurin waƙa a kunne, daga baya kowa ya shiga ɗakin makirufo ya maimaita baitinsa sau da yawa. Injiniyan sauti ya tsinci layi mafi kyau daga kowane ɗauka ya jera su. Wannan dabara ta ɗora sauti a kan sauti ta girmi amfani da kwamfuta a sutudiyo, domin tun a 1957 kamfanin Ampex ya ƙera wa makaɗin jita Les Paul na Amurka na'urar ɗaukar sauti mai iya ajiye sautuka takwas daban-daban a kan tef ɗaya. Manhajoji irin su Pro Tools, wadda ta fito a 1991, sun sauƙaƙa aikin ne kawai, har ya zama mawaƙa suna iya yin waƙa tare alhali ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba.

Amshin ne suka ƙi yi wa haka. Sun tsaya a ɗaki ɗaya suna fuskantar juna, duk da injiniyan ya gargaɗe su cewa muryar kowa za ta shiga makirufon ɗayan, abin da zai hana a gyara ta daga baya da Auto-Tune, manhajar da ke daidaita muryar da ta kauce wa kari, ko wata manhaja. Na goyi bayansu a raina, domin yadda take jinkirta numfashi tana jiran ya kammala kalma, abu ne da yankan kwamfuta ba ya iya kwaikwayo.

Kafin a tura waƙar wajen daidaita sauti da tacewar ƙarshe, sun rubuta kason kowa a takarda suka sa hannu. Waƙa tana da haƙƙin mallaka iri biyu: na kalmomi da kari, da kuma na sautin da aka ɗauka. Tunda mawaƙiyar ta sauya layi ta kuma taɓa karin amshi, an rubuta sunanta cikin marubutan waƙar, an kuma ware wa mai haɗa kiɗa nasa kason bisa abin da suka amince da shi a ranar.