Asabar, shamuwa ta sauka

Ina cikin shanya na ji ihun Auta daga soro, wai shamuwa ta zo. Na leƙa ta saman katanga, ga su kuwa can ƙololuwar tsamiyar ƙofar gidan Kawu, baƙin baya farin ƙirji, ɗaya da tsinke a baki tana gyaran sheƙar bara. Inna ta ce alhamdu lillahi, a sauko da irin gero a duba ko ƙwari sun taɓa shi. Ita a wajenta magana ta ƙare, ko rediyo bai ce komai ba, in dai shamuwa ta sauka to ruwa na tafe. Ni ma duk zafin nan da ya hana mu barci sai na ji ya yi mini sauƙi. Har ƙosai na aika aka sayo wa yara.

Bayan azahar na fita kai wa Gwaggo kwanonta, na tarar da wasu mutum biyu a gindin tsamiyar, ɗaya na zagaya ta da igiya yana auna kaurinta, Kawu na tsaye ya goya hannu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Kawu lafiya dai? Ya ce lafiya lau, masu gidan burodi ne suka aiko, ya sallama musu itacen, shago zai fitar a wajen.

Na ce, "Kawu, yau fa shamuwa ta sauka a kanta."

Ya ce, "Na gani, Malama. Ni da nake share kashinta kullum ai na fi ki sanin ta sauka."

In ya kira ni Malama, na san ba girmamawa ba ce. Ya shiga lissafo mini: saiwa ta tsaga masa katanga, kashin tsuntsu ya cinye kwanon soro, bara reshe ya faɗo saura ƙiris ya danne ɗan acaɓa, ga taki ya yi tsada, ga yara biyu za a aurar bayan kaka. Duk gaskiya ne, ba inda zan ce ya yi ƙarya. Na dai ce ai tsuntsun nan shi ke tsince fara da tsutsa a gona, kuma tun tasowarmu ba mu taɓa jin an kore shi ba, ko yaro mai ƙiriniya ba ya harbinsa da danƙo. Sai ya yi dariya ya ce, "Ungulu ma da ta tafi, wa ya mutu?"

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai har yanzu da nake rubutun nan. Don kuwa na tsaya ina tunani, yaushe rabona da ganin ungulu a Daura? Muna yara in aka aike mu wajen mahauta, a ƙasa suke tafiya tsakanin mutane, sai ka kore su da ƙafa. Mushen jaki ba ya kwana biyu a bayan gari. Yanzu sai dai ka ga kanta a busasshe a shimfiɗar masu magani a kasuwa. Auta bai taɓa ganinta da rai ba, a littafin makaranta ya san ta. Ba wanda ya yi shela ranar da ta tafi, kawai aka wayi gari babu, kuma kamar yadda Kawu ya faɗa, ba wanda ya mutu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ban sami amsar da zan ba shi ba, sai kwanon Gwaggo da nake ta juyawa a hannu.

Inna ce ta fito da mayafinta, wataƙila Auta ya kai mata rahoto. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ƙanena, baƙo ya sauka gidanka da safe, ka rushe masa ɗaki da yamma? Ka bari ta ƙyanƙyashe ta tashi da 'ya'yanta, in an yi kaka ka yi yadda ka ga dama." Ya sosa ƙeya ya ce ya riga ya karɓi kafin alƙalami. Ta ce kuɗi ai ba ya ruɓewa, su jira. Mutanen suka naɗe igiyarsu suka hau babur. To an samu damina ɗaya ke nan. Baɗi in ta dawo daga kudu sai ta tarar da shagon cajin waya, ta nemi wata bishiyar, in akwai saura. Dalbejiya dai ta cika gari, amma ni ban taɓa ganin ta yi sheƙa a ta unguwarmu ba.

Sauran yinin ba wani abu. Motar ɗalibai ta wuce za ta Kusugu, suna ta waƙa. Tun da aka binne Buhari a watan Yulin 2025 baƙi suka ƙaru, kowa ya zo sai ya biya ya ga rijiyar da aka ce Bayajidda ya kashe macijiya, ya sha ruwan, ya ɗauki hoto. Ba wuta tun jiya. 'Yan ga-ruwa sun ƙara kuɗi, wai layi ya yi tsawo. Bushiya ta shiga akurkin Gwaggo, ta rantse ita ke shanye mata ƙwai, yara suka mirgina ta cikin bokiti suka kai bayan gari. Da magariba hadari ya ɗan taso ta gabas, iska ta kwashe shi, ƙura kawai muka samu a tuwo.

Gobe Lahadi Yaya zai je kasuwar Mai'aduwa, na ba shi saƙon irin wake da daddawa. Ya ce tare za su tafi da Kawu, wai zai je ya taya kwanon rufin shago.