Makin yana hannuna tun kafin in cika fom

A ƙarshen watan Agustan 2021 na fito daga ɗakin UCAT, jarrabawar da masu neman karatun likitanci a Birtaniya ke zanawa, matar da ke zaune a teburin ƙofa ta miƙo mini takarda guda ɗaya, da sauran ɗumin na'ura a jikinta. Ban iya dubawa a gabanta ba. Sai da na buɗe akwatin da aka sa muka kulle wayoyinmu, na fita waje na jingina da bango, sannan na buɗe: 2610. A sashen auna ɗabi'a kuma na faɗa rukuni na 3. Na kira Umma, hannuna na rawa. Ta saurare ni har na gama jero lambobin, sannan ta ce, "To ke 'yar nan, an ci ko ba a ci ba?" Na ce mata an ci. Har zuciyata haka na ɗauka, kuma wannan amsar ce ta cinye mini shekara guda.

A Birtaniya duk mai neman gurbin jami'a ta hanyar UCAS, hukumar da ke karɓar fom ɗin neman shiga jami'o'i, yake bi. Ana ba shi zaɓi biyar, amma huɗu kawai zai iya ba likitanci, kuma ranar 15 ga Oktoba ake rufe ƙofa, watanni kafin a rufe wa masu neman yawancin sauran fannoni. Ita UCAT ana zana ta ne a kwamfuta tsakanin Yuli da Satumba, sau ɗaya tak a shekara, kimanin awa biyu. A shekararmu sassa huɗu ne ake ba maki: fahimtar rubutu, yanke shawara, lissafi, da gane tsarin siffofi. Kowanne daga 300 zuwa 900, jimilla daga 1200 zuwa 3600. Sashe na biyar, wanda ke auna yadda mutum zai yi idan ya shiga tsaka mai wuya a wurin aiki, rukuni-rukuni ake raba shi, na 1 shi ne gaba, na 4 shi ne kurar baya. Matsakaicin maki a lokacin yana wajen 2500. Na haura shi, shi ne na kira hakan cin jarrabawa.

Sai daga baya na gane cewa wannan jarrabawa ba ta da ci, ba ta da faɗuwa. Makinta kamar kuɗi ne a hannu: akwai inda zai saya maka abin da kake so, akwai inda ko kallonsa ba za a yi ba. Kuma an ba ni shi mako bakwai kafin a rufe fom. Ina da lokacin da zan zauna in bincika inda 2610 ke da daraja. Ban yi ba. Na riga na zaɓi makarantuna huɗu tun ina ƙaramar sakandare, saboda sunansu, saboda garuruwan da suke, saboda yadda Baba zai ji idan ya faɗa wa abokansa. Uku daga cikinsu da makin UCAT suke jera masu nema kafin su kira intabiyu. Wannan bayani yana nan a shafukansu na intanet, a fili. Ni dai hotunan gine-gine nake kallo.

Yadda ake jan layin da ke raba waɗanda za a kira intabiyu da sauran shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai, don haka bari in tsaya a kansa. Na ɗauka kowace makaranta tana da lamba a rubuce, wanda ya kai ta a kira shi. Wasu ƙalilan suna da irin wannan, amma galibi ba haka abin yake ba. Makaranta ta san yawan mutanen da za ta iya ganawa da su a bana, gwargwadon malamanta da ranakun da ta ware. Sai ta tace waɗanda takardunsu na sakandare suka cika sharaɗi, ta jera su daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, ta fara ƙirga. Inda ƙirgar ta tsaya, nan ne layi. Ke nan babu wanda ya san shi kafin a rufe fom, hatta ma'aikatan ofishin ɗaukar ɗalibai. Lambar bara da muke ta yi wa juna raɗa da ita a aji sawun bara ce kawai, tana nuna inda aka bi, ba ta yi alkawarin nan za a sake bi ba.

Mu kuma shekararmu ta zo da nata. Gwamnati ce ke ƙayyade yawan guraben likitanci, saboda ita ke ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin horarwa, kuma asibitocin koyarwa suna da iyakar ɗaliban da za su iya ɗauka. A Ingila guraben sun kai 7,500 bayan ƙarin 1,500 da aka fara a 2018. Da annobar korona ta sa aka soke jarrabawar kammala sakandare a 2020 da 2021, malamai ne suka ba da sakamako, ɗalibai da yawa fiye da yadda aka zata suka cika sharuɗɗan da aka gindaya musu, makarantu suka cika suka batse, har aka ɗage wa wasu shiga zuwa shekara mai zuwa. Mu da muka biyo baya muka tarar da ƙofa ta ƙara tsukewa.

Tsakanin Disamba da Maris amsoshi huɗu suka iso, duk iri ɗaya. Ko intabiyu guda ban samu ba. Na rubuta wa ɗaya daga cikinsu ina neman bayani, suka amsa cikin ladabi cewa makina bai kai inda layinsu ya tsaya ba a bana. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sanin cewa a can babu wanda ya kai ga karanta bayanin kaina da na yi wata biyu ina gyarawa, balle ya san Asabar nawa na yi ina aikin sa kai a gidan kula da tsofaffi. An tsaya a lamba, aka wuce.

Har yau ina da ƙorafi a kan jarrabawar, ba zan ɓoye ba. A shekararmu sashen fahimtar rubutu tambaya 44 ne a cikin minti 21, wato kowace tambaya ba ta samun cikakken sakan 30, ga dogayen sakin layi da za a karanta. Wanda ya tashi da Turanci a bakinsa da wanda ya koye shi daga baya ba su tashi daga wuri ɗaya ba, ko da kaifin basirarsu ɗaya ne. Kuma safiya guda da ciwon kai ya kama ka tana iya zame maka shekara. Amma da na huce na fahimci halin da makarantun ke ciki. Kusan duk wanda ya cika fom ɗin likitanci yana ɗauke da sakamako mai kyau a kimiyyar sinadarai da ta halittu. Idan dubbai suka zo da takardu masu kama da juna, dole a nemi wani ma'auni. Ban ce shi ne mafi adalci ba. Na dai daina ɗaukarsa a matsayin hukunci a kan ko na dace da aikin likita.

Malamarmu ta kimiyyar sinadarai ce ta farkar da ni. Ta kira ni bayan an tashi, ta sa na rubuta sunayen makarantun huɗu a allo, ta ce in gaya mata yadda kowacce ke zaɓen waɗanda za ta kira. Na yi tsuru-tsuru. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ɗauko farar takarda ta ja layuka: sunan makaranta, nauyin da take ba UCAT, nauyin da take ba sakamakon GCSE (jarrabawar sakandare da ake yi a wajen shekara 16), abin da take yi da sashen ɗabi'a, da inda layinta ya tsaya a shekaru ukun baya. Ta ce kada in dawo sai na cika ta.

Mako uku na yi ina cikawa, kuma a nan idona ya buɗe. A waɗannan shekarun Bristol da Newcastle sun yi suna wajen jingina da makin UCAT sosai. Cardiff ta fi duba sakamakon GCSE. Keele a lokacin tana da fom nata na musamman da ke tambayar irin ɗawainiyar da ka taɓa ɗauka da abin da ka koya daga gare ta. Oxford da Cambridge da Imperial da UCL kuwa wata jarrabawar suke amfani da ita, BMAT, wadda ake zanawa bayan an rufe fom, ka nema ba tare da ka san makinka ba. Ɗalibi guda, da takardu iri guda, yana iya zama na gaba-gaba a nan, a can kuma ko ƙofa ba zai gani ba. Inda makaranta ba ta wallafa alƙalumanta ba, na koyi cewa dokar 'yancin samun bayanai ta 2000 ta ba kowa damar rubuta wa jami'ar gwamnati ya tambaya, kuma ana sa ran ta amsa cikin kwanakin aiki 20. Na rubuta wa uku, duk suka amsa.

Sai maganar rukuni na 3. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A karon farko ko awa biyar ban ba sashen ɗabi'a ba, ina ganin ai hankali ne kawai, kuma ina da tarbiyya. Alhali makarantu da dama ba sa duba wanda ya faɗa rukuni na 4 komai yawan makinsa, wasu kuma suna mayar da rukunin maki su haɗa da na intabiyu. Da na koma kan tambayoyin gwaji na ga inda nake zamewa. Za a ce abokin karatunka ya sa hannu a takardar halarta a madadin wanda bai zo ba, ko ka ji warin giya a bakin likitan da zai shiga duba marasa lafiya. Ni an rene ni a kan kara da rufa wa mutum asiri, don haka hannuna kullum yana tafiya wajen amsar da ta fi sauƙi ga abokin aikin. Su kuwa tambayoyin an gina su ne a kan ƙa'idojin hukumar kula da likitoci ta Birtaniya, GMC, inda lafiyar majiyyaci da gaskiya ke gaba da komai. Ba a hana ka fara yi wa mutum magana a keɓe ba, sau da yawa ma hakan ake so. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka gani ka kawar da kai. Na daɗe ina kokawa da wannan a raina, kuma sai da na fara aiki a asibiti na yarda da shi da gaske, ranar da na ga abin da ƙaramin kuskuren da aka yi shiru a kansa ke iya jawo wa wanda ke kwance.

Shekarar jiran na yi ta ne ina taimaka wa ma'aikatan jinya a ɗakin tsofaffi. Da yamma in yi gwaji da agogo a gabana. Na koyi barin tambaya mai cin lokaci in sa mata alama in wuce, na koyi kada in bar ko ɗaya babu amsa tunda ba a rage maki kan kuskure. A 2022 na samu 2780 da rukuni na 2. Ƙarin ya taimaka, amma takardar malamata ce ta yi babban aikin. Na cire makarantu biyu da nake ƙauna saboda layinsu ya saba tsayawa sama da ni, na sa waɗanda ke ba GCSE nauyi, inda nake da ƙarfi. Baba bai ji daɗi ba da farko. Na shimfiɗa masa takardar a gabansa, ya bi ta layi-layi da yatsa, ya ɗago ya ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri, Mamana." Uku suka kira ni.

Intabiyun irin wanda ake zagaya tashoshi ne, tsarin da jami'ar McMaster ta Kanada ta ɓullo da shi a farkon shekarun 2000. Kowace tasha 'yan mintuna, da sabon mai tambaya, don kada tuntuɓe guda ya kayar da mutum gaba ɗaya. Ɗaya daga cikin nawa ta bidiyo aka yi shi. A wata tasha aka haɗa ni da ɗan wasan kwaikwayo a matsayin mutumin da aka ɗage wa mahaifinsa ranar ganin likita karo na biyu. Yana bayyana a allo ya hau faɗa. Jimlolin da na haddace suka tsere mini. Sai na tuna wata tsohuwa a ɗakin asibitin da na yi aiki da ba ta karɓar abinci daga wanda ke tsaye a kanta, sai ka ja kujera ka zauna. Na sauke hannuwana daga tebur, na yi shiru har ya kai aya, sannan na tambaye shi yadda jikin mahaifin nasa ya kwana. Muryarsa ta sauka. A duk tashoshin makarantu ukun babu wanda ya ambaci 2780. Makarantu da yawa da zarar ka zauna a kujerar intabiyu sun ajiye makin gefe, wasu kuma sai an yi kunnen doki suke waiwayarsa. Biyu suka ba ni gurbi.

Tsarin ya canja tun daga lokacin. An yi BMAT ta ƙarshe a 2023, makarantunta suka koma UCAT. Daga 2025 kuma an cire sashen gane siffofi, jimillar maki ta koma daga 900 zuwa 2700, don haka lambobin zamaninmu suna iya ruɗa wanda ya ɗauke su yadda suke. A Satumban da ya wuce ƙanwar wata ƙawata ta zo mini da takardarta a ninke cikin littafi, da sunayen makarantu huɗu da ta riga ta yanke shawara a kansu. Ta ce, "Yaya, wannan makin ya isa?" Na ce ta fara gaya mini yadda ta farko ke zaɓen waɗanda za ta kira. Ta yi shiru tana kallon takardar. Na jawo farar takarda na ja layuka, muka buɗe kwamfuta. Kafin magariba ta soke biyu da hannunta, ta tafi da sunayen wasu biyar da za ta bincika kafin 15 ga Oktoba.