Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Allon da ke bayan talabijin

Makon jiya na yi alkawarin ci gaba daga aurena da Hajiya da zaman hayar da muka yi a Nima. Ku yi mini afuwa, yau ba zan iya ba. Ranar Asabar jikata tana sharar falo ta jawo allon karramawar nan da ke jingine a bayan talabijin, ta karkaɗe masa ƙura, ta ce, "Kaka, wannan ai na ratayewa ne, me ya sa ka ɓoye shi?" Na ce ta mayar da shi inda ta same shi. Tun ranar maganar ta tsaya mini a rai, kuma na san idan ban rubuta ta ba, ba za ta bar ni in rubuta wata ba.

'Yan ajinmu na injiniya ne suka ba ni allon, a wani otal a nan Akara, bayan na yi ritaya. Mu shida aka karrama a daren. Tun daga bakin ƙofa ka san ka shigo taron 'yan Tek, don mu haka muke kiran makarantar, ko da sunanta ya koma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah a 1998. Tsofaffi masu furfura da jikoki, amma da an ambaci ɗakin kwanan ɗalibai na Katanga sai wani ɓangaren zauren ya ɗauki ihu, da an ambaci Konti sai ɗaya ɓangaren ya rama, kamar jiya muka bar ɗakunan kwanan.

Mai jawabi ya ɗauko tarihi tun daga 1952, lokacin da aka buɗe Kwalejin Fasaha ta Kumasi da ɗalibai 200 da aka kwaso daga Achimota, har zuwa 1961 da ta zama jami'a. Sannan ya shiga jero sunaye. Ya kira Kofi Annan, wanda ya fara karatu a can a 1958, ko da yake shi ba injiniya ba ne, ya kuma karɓi kyautar Nobel a 2001. Ya kira Dakta Thomas Mensah, haifaffen Kumasi da ya karanta injiniyan sinadarai a wurinmu, ya je kamfanin Corning a Amurka ya taimaka aka ƙara saurin sarrafa zaren gilashin nan da intanet ke bi ta cikinsa yau. A lokacin yana raye, sai a 2024 ya rasu. Da aka zo kan Alhaji Aliu Mahama kuwa, Allah ya jiƙansa, ni da kaina na miƙe na tafa. Ya karanta fasahar gine-gine a Tek, ya yi kwangila a Tamale, ya zama Musulmi na farko da ya riƙe mataimakin shugaban ƙasar Gana daga 2001 zuwa 2009. Ranar da aka rantsar da shi, a zango har waɗanda ba su zaɓi jam'iyyarsa ba sun ji daɗi a ransu. Wannan na gani da idona.

Ba na raina ko ɗaya daga cikinsu. Amma ina zaune a kujerata, ana ta tafi, muryar Kawu ce kawai ke yawo a kunnena: "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

Kun san Kawu daga kashi na 4. Bayan dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta 1969 ta watsa abokan cinikin Baba na goro, shi ne ya dage a cire ni daga boko a kai ni Magazin, unguwar makanikai a Kumasi, koyon sana'a. Inna ta ƙi, Yaya ta ƙi, aka yi sulhu a kan in riƙa zuwa lokacin hutu. Haka na faɗa hannun Masta ina ɗan shekara goma sha uku.

Wanda bai san Suwame Magazin ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Gari ne guda na ƙarfe da baƙin mai, ƙarar guduma daga asuba har magariba. Rumfar Masta tana can ciki, bayan masu walda. Aikinsa naɗin waya: injin niƙa ya ƙone, ko famfon ruwa, ko janareta, a kawo masa. Bai taɓa shiga aji ba, allo kawai ya yi a Aboabo. Zai fasa injin, ya shinshina, ya gaya maka ko zafi ne ya cinye shi ko ruwa ne ya shiga. Ya yanke tsohon koyil ɗaya a hankali, ya ƙirga zagayen wayar, ya ƙona bakinta ya kankare, ya gwada kaurinta da wasu guntayen jar waya da yake ajiyewa a gwangwanin madara. Idan muna naɗi, ƙwallayen dabino yake zubawa a gefe, duk zagaye goma ya tura ɗaya cikin tasa. Kana yi masa magana a lokacin, ko kai waye, ba zai ɗago ba. In an gama a zuba banish, a sa injin cikin tsohuwar tanda da ya ƙera da ganga, a kwana ana gasawa da ƙaramin zafi. Warin banish ɗin nan har yau in na ji shi sai gabana ya faɗi.

Kawu yakan biyo ta rumfar in ya taso daga Alabar. Ya tsaya ya ga mai masana'anta ya zo da mota ya ɗauki injinsa, ya yi ta ciniki kan kuɗin aiki kamar zai yi kuka, sai ya girgiza kai ya faɗi maganarsa ta kura da gardi. Masta ya yi murmushi ya ce, "Malam, kurar ma Allah ne ke ciyar da ita."

Na shiga Tek a 1980. Shekarun nan ba zan daɗe a kansu ba. An fitar da mu kwasar koko a 1982, an rufe jami'o'i a 1983 muka zauna a gida wata da watanni, ga yunwa, ga gobarar daji, ga 'yan uwa da aka koro daga Najeriya sun cika gidaje. Abin da zan faɗa shi ne, ranar da malami ya fara zana naɗin injin mai layi uku a allo, 'yan aji suna ta fama da kwafa, ni hannuna ya riga ya san abin. Lissafin ne sabo a wurina. Da na koma rumfa na nuna wa Masta dalilin da ya sa in ka rage zagaye injin yake zafi, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, ashe abin yana da suna."

Yanzu ga inda maganar take.

A 1998 ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo da ke ba ƙasar wuta, aka shiga rabon wuta. Waɗanda suka ga dumso, wato ɗauke-ɗauken wuta, na 2015 suna zaton shi ne farko, a'a, mun sha na 1983 da na 1998 da na 2007. Lokacin ina injiniyan lantarki a wata masana'anta da ba zan kira sunanta ba. Babban janaretanmu, wanda aka saya don taimakon gaggawa, aka mayar da shi jakin dare da rana. Na rubuta wa manaja takarda sau biyu cewa ana ɗora masa fiye da ƙarfinsa. Bai amsa ba. Wata ranar Laraba da la'asar ya ƙone.

Masu kawo kaya daga Turai suka ce sai an yi watanni. Ma'aikata sama da ɗari za a sallama su zauna a gida. Na shiga mota da daddare na tafi Kumasi, na yi sallar asuba a masallacin unguwarmu, na wuce gidan Masta. Ya riga ya tsufa, ido ya fara rauni. Ya ce, "Ɗana, ban taɓa taɓa mai girman wannan ba." Na ce, "Masta, ni zan yi lissafi, kai ka yi naɗi." Ya ɗauko gwangwaninsa da yaransa biyu muka taho.

Kwana goma sha tara muka yi a cikin ɗakin injin. A kan kwali yake kwana. Hajiya ke aiko mana da tuwo da miyar kuka a kula, shi kuwa ba ya cin komai da rana sai koko da goro. Rana ta goma sha ɗaya na gwada da mita na ga wani koyil yana taɓa jiki, na ce mu lulluɓe wurin mu wuce, lokaci ya ƙure. Ya dube ni ya ce, "A rumfata ka koyi haka?" Muka warware aikin kwana biyu muka sake. Ranar da aka tayar da injin, allura ta hau ta tsaya cak inda ake so, ma'aikata suka yi ta ihu. Masta ya fita waje ya yi alwala ya yi raka'a biyu.

Ƙarshen shekara kamfani ya karrama manaja saboda "ceto masana'anta". Aka ƙara masa girma, hotonsa ya fito a jarida. Masta kuwa a takardar biya an rubuta shi cikin leburori. Rabin kuɗin da aka yi alkawari aka ba shi, sauran na yi ta hawa da sauka a kansa har na gaji, na cika masa daga albashina ban gaya masa ba. Kawu yana kwance lokacin, ciwon ajali. Da na ba shi labari bai ce komai ba sai da na tashi tafiya, sannan ya ce, "Ban gaya maka ba? Kura da shan bugu."

Shekaru na yi ina ɗora wa manajan nan laifin duka, kuma har gobe ban wanke shi ba. Yana wurin a daren karramawar, a babban tebur, don shi ma tsohon ɗalibi ne, ya riga mu fita. Ya kama hannuna da hannu biyu yana ce wa na kusa da shi wai shi ya raine ni a aiki. Na zare hannuna na ce masa sannu.

Sai dai akwai abin da ban taɓa gaya wa ko Hajiya ba. Rahoton aikin nan ni na rubuta shi, shafi goma sha biyu da Turanci. Na sa lissafina duka, na sa sunana da harufan digirina a ƙasa. Inda ya kamata sunan Masta ya fito, na rubuta "masu sana'ar hannu na gida". Ba wanda ya tilasta ni. Na ji tsoron kada manya su ga sunan ɗan zango marar takarda su raina aikin, su raina ni. Kuma wannan rahoton ne na haɗa cikin takarduna lokacin da na nemi ƙarin matsayi a ƙungiyarmu ta injiniyoyi. Shi ne kuma aka karanto a daren, aka ce na gyara janareta da kayan gida a lokacin da ƙasa ke cikin duhu. Da Kawu yana raye, da ya san wane ne gardin.

An ba kowannenmu minti biyu. Na hau da takardar godiya a aljihu, ban ciro ta ba. Na faɗi sunan Masta cikakke, da sunan mahaifinsa, da layin da rumfarsa take a Magazin. Na ce shi ya naɗa injin, ni na riƙe masa fitila da alƙalami. Aka tafa, irin tafin da ake yi wa kowa. Wani ɗan ajinmu Batone ya same ni a waje ya ce shi ma mahaifinsa makaniki ne a Magazin, bai taɓa faɗa a taro ba. Muka daɗe a tsaye a wurin ajiye motoci.

Masta bai ji ko ɗaya ba, shekara da shekaru kenan da muka kai shi makwancinsa a Tafo. Bayan taron da sati biyu na ɗauki allon na tafi Kumasi na kai wa babban ɗansa, wanda ke riƙe da rumfar. Ya karɓa ya juya shi, ya sa yaronsa ya karanta masa rubutun. Ya miƙo mini ya ce, "Yaya, ai sunanka ne a jiki. Ka riƙe abinka." Ya shiga ciki ya fito da gwangwanin madarar nan, guntayen wayar suna ciki, ya ce Baba ya ce in na zo a ba ni. Yana cikin durowar gadona.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma Nima da maganar mai gidan hayar da ya cire mana ƙofa.