Yadda na ƙara wa RISC-V umarni ɗaya saboda ɓ, ɗ da ƙ

Tun da malaminmu ya ce mana ai RISC-V, wato wani tsarin umarnin da firosesa ke fahimta, a buɗe yake, kowa na iya ɗauka ya gina firosesa a kai ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, abin ya tsaya min a rai. A jami'ar Berkeley ta Amurka aka fara shi a 2010, kuma tushensa na RV32I umarni ne wajen 40 kacal da rajista 32, wato ƙananan ma'ajiyai a cikin firosesa, sauran abubuwa kamar ninkawa da rabawa duk ƙari ne ake jonawa. Abin da ya fi burge ni shi ne sun ware gurbi, custom-0 da custom-1, don mutum ya sa nasa umarnin.

To ni abin da ya zo min shi ne haruffanmu masu ƙugiya. A tsarin UTF-8, wanda kwamfuta ke ajiye rubutu da shi, harafin a ko b bayit ɗaya yake ci amma ɓ, ɗ, ƙ kowanne bayit biyu ne, shi ya sa in ka ƙirga bayit a kalmar ƙasa za ka samu 5 alhali haruffa 4 ne. Sai na ce bari in yi umarni ɗaya da zai ɗauki bayit huɗu a rajista ya tsallake duk wanda bit biyunsa na farko 1 da 0 ne, tunda wannan cigaban harafin baya ne, ya ba ni adadin sauran.

Na ɗauko PicoRV32, wani ƙaramin firosesa na RISC-V, na rubuta abin da Verilog, yaren da ake tsara firosesa da shi, a ɗakina nan Samaru, a simuleta na gwada don ba ni da allon FPGA da ake ɗora irin wannan tsari a kai a gwada, in an ɗauke wuta in kwashi laftof in tafi shagon caji. Wallahi ɓangaren da nake tsoro shi ya fi sauƙi, kwana biyu na gama. Wahalar tana wajen GCC, mai juya manhaja zuwa umarnin firosesa, bai san umarnina ba sam, dole na riƙa cusa shi da hannu ta .insn, wato hanyar rubuta umarnin da bai sani ba, a duk inda nake so, kuma duk wanda zai yi amfani da shi haka zai yi, wa zai yarda da wannan?

Da na nuna wa malam sai ya ce, kai ka auna inda lokacin yake tafiya kafin ka fara? Na ce a'a ranka ya daɗe. Da na auna sai ga shi ɗauko rubutun daga memori shi ke cin lokaci, ƙirgar kaɗan ce. Ya kuma nuna min cpop, umarni mai ƙirga bit masu 1, da ke cikin ƙarin Zbb wanda aka amince da shi tun 2021, in ka haɗa shi da umarni uku ko huɗu aikin ya fita, kuma GCC ya riga ya san shi.

Ban goge nawa ba dai, yana nan. Yanzu manhajar gwaji nake fara rubutawa in auna, sai in ta nuna min inda ke ciwo sannan in taɓa Verilog.