Koyar da kimiyya a ajin da babu wuta

Ina koyar da lissafi da fiziks a wata makarantar sakandare ta gwamnati a Garwa, a arewacin Kamaru, kuma yanayin garin nan ne ya tsara mini yadda nake amfani da intanet a aikina. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wutar lantarki ya ja baya, wuta ta riƙa zuwa tana tafiya. Ajina cike yake maƙil, yara uku ko huɗu a benci ɗaya, babu wurin cajin waya, doka kuma ta hana ɗalibi shigowa da tasa. Shi ya sa duk manhajar da aka yaba mini, abin da nake fara tambaya shi ne ko tana aiki in babu layi.

Na fara gane haka ne a 2020. Ranar 18 ga Maris aka rufe makarantun Kamaru saboda korona, gidan talabijin na CRTV ya shiga watsa darussa ga masu shirin jarrabawa, ma'aikatar ilimin sakandare ma ta ɗora nata a intanet. Aiki ne mai kyau. Amma da 'yan ajin jarrabawa suka dawo a watan Yuni, sai na tarar waɗanda suka bi darussan su ne masu talabijin da wuta a gida. Abin da ya isa ga sauran shi ne hoton takardar da na rubuta da hannu, da muryar minti biyu da na tura ta WhatsApp zuwa wayar uba ko ta yaya. Bidiyon rabin awa kuwa ba mai kuɗin datar sauke shi.

A cikin duk abin da na gwada, PhET ya fi shiga raina. Jami'ar Colorado ta Amurka ce ke da shi, Carl Wieman, wanda ya samu kyautar Nobel a fiziks, ya kafa shi a 2002. Gwaje-gwajen kimiyya ne a kan fuskar waya ko kwamfuta, kyauta, akwai su da Faransanci, kuma in ka sauke gwaji sau ɗaya ya zama naka ko babu layi. Makarantar da ba ta da kayan ɗakin gwaji, wannan babban rufin asiri ne gare ta. Sai dai yadda ake nuna shi ya fi shi kansa muhimmanci. In zan koyar da haɗin lantarki, ba na buɗe komai sai na zana ƙwan fitila biyu da batir a allo, na tambaya: in aka cire ƙwai ɗaya, ɗayan zai mutu ko zai ci gaba da haske? Kowa ya rubuta amsarsa a littafi. Gardama ta kaure, wannan ya ce zai mutu, wancan ya ce a gidansu in ƙwai ɗaya ya ƙone sauran ba sa mutuwa. A nan ne nake kiran su layi-layi su zo gaban teburi su gani, haɗin jere, inda cire ɗaya ke kashe ɗayan, daban; haɗin reshe, inda ɗayan ke ci gaba da haske, daban. Yaron da ya riga ya ɗauki matsayi, kallon da zai yi ba irin na ɗan kallo ba ne. Bayan haka kuma ina kawo batirin tocila da ɗan ƙwai da wayar wuta daga kasuwa, domin hannun da ya haɗa da kansa ba ya mantuwa.

GeoGebra kuwa, manhajar zanen lissafi, ni ya fi yi wa aiki, tun a gida. Da shi nake duba zanen da zan yi a allo kafin in shiga aji. Kiwix yana sa Wikipedia da Vikidia, kundin ilimin yara na Faransanci, su zauna a katin memori. Ɗaya daga cikinmu ya sauke da garaɓasar datar dare, da safe a ɗakin malamai kowa ya kwasa ta Xender ba tare da kashe ko sefa ɗaya ba.

Samun kaya ba shi ne wahala ba, tacewa ce. Littattafan lissafi na Sésamath da darussan Khan Academy na Faransanci suna da inganci, amma ba domin manhajarmu aka tsara su ba. Za ka ga lissafin kuɗin Turai da jirgin ƙasa mai gudun tsiya, alhali layin dogonmu a Ngaundare ya tsaya. Tsarin koyarwar da muke bi yana so darasi ya taso daga rayuwar ɗalibi, don haka sai in zauna in sauya: buhun albasa, awon auduga, litar man da ɗan acaɓa ke sha a yini. Lissafin bai canja ba, amma yaron ya san abin da ake magana a kai. Haka nan tsofaffin takardun jarrabawar sakandare ta BEPC da Probatoire da ke yawo a zaurukan malamai. Tambayoyin suna da amfani ƙwarai, amsoshin da ake maƙala musu kuwa ba na yarda da ko ɗaya sai na warware da alƙalamina, don na sha ganin kuskure a ciki. Amsar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke bayarwa ma haka nake yi mata.

Wata malamar firamare a unguwarmu ta tare ni da cewa, "Malam, ku na sakandare kun samu naku, mu fa?" Na nuna mata African Storybook, inda ake samun gajerun labarai masu hotuna da Hausa da Fulatanci da Faransanci, a sauke a buga a takarda. Yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci a gida, ya zo ya tarar da Faransanci a aji, irin wannan yana sassauta masa shigar karatu.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan mata. A gidaje da yawa wayar ta maigida ce, yana fita da ita tun safe, in ta dawo ma ɗa namiji ke fara taɓawa. Na ga yarinya mai ƙoƙari ta zauna shiru a aji saboda ana maganar aikin da aka tura da dare, ita ba ta gani ba. Saboda irinta, duk abin da na tura ta waya sai na sake rubuta shi a allo washegari, kuma ba na ba da maki a kan aikin da sai mai waya zai iya yi. Da ƙungiyar iyayen yara ta nemi shawararmu kan abin da za a saya, wasu abokan aiki sun ce majigi. Ni na roƙi faifan sola da injin buga takarda, domin takarda ɗaya tana bin kowane yaro har gida, mai waya da marar waya.