Ƙonannen buntun shinkafa ya raba ni da daskarewar ƙasar buhu

Alhamdu lillahi, 'yan uwa masu shuka a buhu da bokiti, haɗin ƙasar shuka na wannan karon ya yi. Ruwa na shigewa nan take, tumatirin da aka dasa ya kama, saiwa fara fat har ta zagaye buhun. Abu ɗaya ne ya canja: ƙonannen buntun shinkafa.

Matsalar kun san ta. Ƙasar lambu da zarar an ɗura ta a buhu ana ba ta ruwa safe da yamma, sai ta zauna ta daskare. Sama ya tsattsage, ruwa ya bi gefen buhu ya zurare, tsakiya kuwa ko a bushe ƙayau ko a jiƙe jagab babu iska. Ƙara rairayi ba ya gyara ta, don laka da rairayi mai laushi in sun haɗu, tubali kawai aka buga. In yashi za a sa, a nemi mai kaushi irin na gini. Shi ma nauyi gare shi, mai shuka a saman bene ya yi hattara.

Ɗanyen buntu na sassauta ƙasa, amma da tasa wahalar. Ragowar shinkafar ciki na tsirowa, ɓera da gara su biyo, kuma yayin ruɓewa yana janye naitirojin, sinadarin da ke sa ganye kore, sai ka ga tsofaffin ganye na yin rawaya. Sai an ƙona shi, kuma a ƙonawar aikin yake.

A samu tsohuwar garwa, a huhhuda ta da ƙusa ko'ina, a fasa gindinta a kafa bututun langa-langa mai tsawon kamar mita 1. A hura wuta da ƙirare a ƙasa, a kife garwar a kai, sannan a tara busasshen buntu buhu 2 ko 3 a kewaye ta, bututun kaɗai ke leƙowa. Wutar daga ciki take ci zuwa waje, ba harshe, sai hayaƙi. Duk inda baƙi ya ɓullo, a kwaso ɗanye da shebur daga gindin tulin a rufe shi. Tuli irin wannan kan ci awa 3 zuwa 4. In kusan duka ya yi baƙi, a zare garwar, a baje, a kwarara ruwa ana juyawa har hannu ya iya shiga tsakiya. Yayyafi sama-sama yaudara ne, wuta na ɓuya a ciki, gari na wayewa sai farar toka. Toka kuwa kaifi gare ta, in ta yi yawa sababbin ganye ne za su yi rawaya, jijiyoyinsu na kore. Ƙonannen buntu mai kyau baƙi ne wuluk, yana nan da siffarsa, in ka murza ya farfashe. Kada a hura ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, kuma a sanar da maƙwabta, hayaƙin ba wasa ba ne.

Kafin haɗi, a jiƙa shi cikin ruwan taki mako 1 zuwa 2, in ba haka ba shi zai fara shanye abincin shuka.

Awon da ya yi mini, da bokiti ɗaya: ƙasar sama da aka tankaɗe 2, ruɓaɓɓen kashin awaki 1, ƙonannen buntu 1, yashi rabi. Takin ya zama wanda ya huce, ba zafi ba wari, a kuma tsince gwazarma. Kashin kaji rabin wannan awo ya isa. A jiƙa haɗin a damƙa: ya dunƙule, in an taɓa da yatsa ya wargaje. In ya tsaya gam, a ƙara buntu.

Buntun kansa araha ne wurin masu injin shinkafa. Kuɗin a-daidaita-sahu ne ya ci mini rai, ya fi kuɗin kayan nesa ba kusa ba, ga shi bayan ƙonawa tulin ya ragu sosai. Gara mutum 3 ko 4 su haɗa a ɗauko sau ɗaya.

Abin da ya rage shi ne saurin bushewa. Sabon haɗin ya fi tsohuwar ƙasar neman ruwa, kuma bazara na tafe. Na rufe saman rabin buhunan da busasshen ganyen darbejiya kaurin yatsa 2, sauran na bar su haka don a ga bambanci. Bokitan attaruhu har yanzu suna cikin tsohuwar ƙasa, su ne na gaba.